Mai Gyaran Takalmin Ƙarƙashin Bene

Ranar Lahadi

Uwata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, wadda ta fi ƙarfin wannan 'yar takardar, ina fatan kina lafiya, ke da marasa lafiyar asibitinku. Allah ya ba su sauƙi, amma ba duka a rana ɗaya ba, kada a ce aiki ya ƙare a sallame ki. Mu ma nan lafiya. Gwiwata ta hagu tana gaishe ki, ta dama kuwa ba ta magana da kowa tun damina. Kunne yana nan yadda kika bar shi. Shekaranjiya Gwaggonki ta yi rabin awa tana yi mini faɗa, na ji daɗin hirar ƙwarai.

To, an gama. Jiya da la'asar aka nuna kashi na ƙarshe na fim ɗin Bene Mai Hawa Uku. Shekara uku ke nan ina rubuto miki labarinsa duk mako, tun da kika ce ke ba za ki iya kallonsa ba, da kin ji kiɗan farko sai ki ga marigayiya Innarki a kan tabarmarta tana yi wa Direban fim ɗin faɗa ta cikin akwatin talabijin. Ni da na bar makaranta a aji huɗu, saboda ni da malamin lissafi dole ɗaya ya bar wa ɗaya wurin, ga shi kin mai da ni marubuci. Yau zan sauke kayana na ƙarshe.

Tun azahar na rufe shago, na bar fanka uku da cikinsu a buɗe, na tafi wurin Mai Aski don in kama kujerar da ke jikin lasifika. Mun fi mutum talatin a ɗakin da aka gina don shida. Kowa abu ɗaya ya zo gani: Direba ya dawo wa Malama. Kin dai san tun kashi na farko da ya fita da mota bai dawo ba, takalmansa suna bakin ƙofa, tana goge su duk safiya.

Uwata, bai dawo ba. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Malama ta tashi da safe, ta ɗauki takalman, ta sauko da su daga bene, ta bayar, ta wuce makaranta. Sai rubutu ya fara hawa sama. Wai shi ke nan.

Da farko muna zaton talla ce, za a dawo. Da muka ga mai karanta labarai ya fito da kwat ɗinsa, sai shago ya kama da wuta. Tela ya miƙe ya ce, “Shekara biyar! Aurena na farko bai kai haka ba, kuma shi aƙalla an faɗa mini dalili!” Tsohon Soja yana ta neman a ba shi adireshin wanda ya rubuta, wai magana kawai za su yi. Mai Aski ya ɗauki tawul ya lulluɓe talabijin kamar gawa, ya manta da mutumin da ke kan kujera da rabin kai a aske. Shi ma mutumin bai tuna ba sai da ya kai bakin titi. Gwaggonki ta ce ba ta yafe ba, a dawo mata da Asabar ɗinta ɗari biyu da hamsin. Masu manyan wayoyi sun ce can a intanet ma zagi ake ta yi, har ana tara sunaye don a tilasta wa masu fim ɗin su sake ɗaukar ƙarshen. Na ce a sa nawa sau biyu.

Amma na san ke ba Direba ne ya dame ki ba. Mutuminki kike jira, mai gyaran takalmin ƙarƙashin bene, wanda kika yi shekara biyu kina zaginsa a wasiƙunki kafin kika fara tausaya masa. Wanda matarsa ta kwanta ciwo lokacin da ɗansu yake jarrabawar ƙarshe a wani gari, ta sa shi ya yi mata alkawari ba zai faɗa wa yaron ba, har ta rasu yaron bai gan ta ba, ya yi fushi ya bar gida. To, shi dai an yi masa adalci. Yana zaune yana ɗinke wani silifa, sai inuwa ta tare masa haske. Bai ɗaga kai ba ya ce, “Malam, matsa mini, kai ba gilashi ba ne.” Sai yaron ya ajiye jakarsa, ya zauna a kan benci, ya cire takalminsa ya miƙa masa, ya ce, “Dunduniyar ta cinye, Baba.” In an ce miki na yi kuka, sharri ne. Gashin mutumin nan mai rabin aski ne ya faɗa mini a ido.

Ban manta da abin da kika rubuto ba, cewa in an gama fim za ki ɗauki hutu ki zo ƙarshen wata. Shekara uku ƙafarki ba ta taka gidan nan ba. Ba matsa miki nake ba, ina dai sanar da ke cewa na sayi fenti shuɗi, kuma ba a mayarwa.

Babanki,
injiniyan fanka mara takarda

*

Ranar Laraba

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai dai hannuna na dama ya koma shuɗi har gwiwar hannu.

Direban motar da ke kai miki wasiƙa ya rantse ya ba ki hannu da hannu, yau kwana goma. Gwaggonki ta ce shirun ya yi yawa. Na ce mata mai haɗa kayan tafiya ina ta ga lokacin riƙe biro?

Ɗakinki ya sha shafa ta farko. Rabin fentin yana bango, rabi yana jikina, ɗan abin da ya rage kyanwar maƙwabta ta tafi da shi. Na kuma gyara fankar nan da kika yi shekara tara kina roƙona. Ashe waya ɗaya ce ta tsinke. Kada ki faɗa wa kowa.

Unguwa har yanzu ba ta huce ba. Mai Aski ya hana a kama tashar a shagonsa. Kowa ya zama marubuci, kowa da ƙarshensa. A na Tela, Direba ya dawo da kuɗi. A na Tsohon Soja, ya dawo an ɗaure shi. A na Gwaggonki, ya dawo Malama ta rufe shi da duka da takalman, sannan ta zuba masa abinci. Ba wanda ya yarda ya bar shi a can.

Rubuto mini ranar da za ki taso, in sa gwiwar dama ta shirya.

Babanki

*

Ranar Juma'a

Baba,

Ina gaishe ka, ina fatan gwiwa da sauƙi. Ni lafiyata lau. Wasiƙunka biyu sun iso.

Ranar da ta farkon ta zo, na karanta ta sau uku a tsaye. Da rana na shiga ɗakin da muke hutawa, na tarar ana ta musu a kan ƙarshen fim ɗin, nas-nas da masu shara har da likita ɗaya. Ban taɓa sa baki a hirarsu ba, amma ranar raina fari ne. Na ce, “Ku dai ku gode Allah, ɗan mai gyaran takalmi ya dawo.”

Babbar nas ta ce, “Ɗan wa?”

Na fara ba su labari. Matarsa, ciwonta, alkawarin, jarrabawar. Ina cikin bayani wata ta fashe da dariya ta ce, “Ke a wace tashar kike kallon naki?” Sai duk ɗakin ya ɗauka. Wata ta ciro waya ta nemo mini kashin ƙarshe. Na zauna na kalla, da kiɗan da komai, abin da shekara uku ban iya ba.

Na gan shi, Baba. Akwai shi. Tsoho ne mai farin gemu a ƙarƙashin bene. Malama ta miƙa masa takalman, ya juya su ya duba ƙasansu, ya gyaɗa kai. Ban gama ƙifta ido ba an wuce shi. Na yi kwana takwas ina bin tsofaffin kashi ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa buɗe baki ba. Ba shi da mata, ba shi da ɗa. Ko sunansa babu a rubutun da ke hawa sama.

Tun farko na ga labarinsa ya yi kama da namu. Ni ba yarinya ba ce. Amma na ɗauka wani ne can da bai san mu ba ya rubuta, na ce ashe ba mu kaɗai ba ne. Da ka rubuto cewa matarsa ce ta sa shi alkawari, na yi mako guda ina juya maganar. Na ce wataƙila haka aka yi da Inna, kai ne ka kasa faɗa. Ban tambaye ka ba, ina tsoron amsar. A kan wannan na nemi hutu.

Yanzu ban san a kan me na nema ba.

'Yarka

*

Ranar Litinin

Uwata,

Gaisuwa. Muna lafiya, in ban da kunya da ta kwantar da ni kwana biyu, yau na ɗan tashi.

An kama ɓarawo da akuya a kafaɗa, me zai ce? Sai dai ya ce ita ta hau. Kin san kunnen nan nawa. Rabin abin da suke faɗa a akwatin ba ya iso ni, abin da kunne ya zubar sai kai ya cike. Kuma ki duba mini tsohon nan da kyau. Shekara biyar yana zaune a ƙarƙashin bene, kowa yana wuce shi, ba a ba shi ko “sannu” ya faɗa ba. Ni na ba shi mata, na ba shi ɗa, na ba shi hawaye. In da adalci, shi ya kamata ya aiko mini da wasiƙar godiya.

Dariyar da suka yi miki ita ta fi ci mini rai. Ki gaya wa babbar nas ɗin nan laifin babanki ne, tsoho ɗan aji huɗu da ya zauna kusa da lasifika har ƙwaƙwalwarsa ta girgiza. Ki ce musu kuma nawa ƙarshen ya fi na tashar. Na gwada shi a kan Tela ɗazu, sai da ya nemi hankici.

Ki yi haƙuri, Uwata. Wasa ne ya yi tsawo. Shafa ta biyu ta hau bango, ta yi kyau ƙwarai.

Babanki,
maƙaryaci mai lasisi

*

Ranar Alhamis

Baba,

Ina gaisuwa. Ina lafiya.

Ba dariyarsu ce ta dame ni ba, kuma ka sani. Ka karanta wasiƙata ka tsallake layin da na rubuta ta dominsa.

Wasiƙun da ka aiko mini lokacin jarrabawata suna nan a akwatina. A cikinsu Inna tana cin abinci sosai, tana faɗa da Direba, jiki da sauƙi. Ta ƙarshen ta iso ni kwana ɗaya bayan an binne ta. A cikinta akwai labarin ɓeran da ya shiga injin fanka, na yi dariya har na ƙware.

Tambaya ɗaya ce. Inna ce ta ce ka ɓoye mini?

Kada ka sa mini wasa ko ɗaya. In na ga wasa, ba zan karanta sauran ba.

'Yarka

*

Ranar Lahadi

Uwata,

Gaisuwa. Muna lafiya.

Na yaga takarda huɗu kafin wannan, kowacce wasa yana shigo mata ta taga. Zan gwada.

A'a. Ba ita ta ce ba.

Kwana goma sha ɗaya ta yi a kwance. Tun rana ta biyu ta ce, “Rubuta wa yarinyar nan ta zo. Jarrabawa ana sakewa.” Na ce to. Na zauna a bakin gadon, a gabanta, na rubuta miki labarin abincin da ba ta ci ba. Tana kallona ina rubutu, tana cewa, “Ka ce mata kada ta tsaya sayen tsaraba.” Na ce na sa.

Duk safiya sai ta tambaya. Na ce kina hanya. Washegari na ce motarku ta lalace. Washegari na ce an gyara, amma direban irin na fim ɗinta ne. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ni kuma na ji daɗi wai na sa ta dariya. A rana ta bakwai ta ce mu juya mata gado ya kalli ƙofa. Ni da Gwaggonki muka juya. Ita ma Gwaggonki ta ɗauka na rubuta, har yau ba ta san gaskiya ba.

Ba don jarrabawarki na yi ba. Wannan dalilin daga baya na samo shi, da mutane suka fara tambaya, na ga ya yi mini daidai sai na sa. Tsoro ne. Likita ya ja ni gefe ya faɗa mini tun rana ta farko. Sai nake gani muddin ban sa shi a takarda ba, bai tabbata ba. In na rubuta miki “ki zo”, to na yarda ke nan za ta tafi. Kullum sai in ce gobe.

Ranar ƙarshe da hantsi ta buɗe ido, ta dubi ƙofa, ta daɗe. Na buɗe baki zan ce kin kusa. Sai ta juyo ta dube ni ta ce, “Kai dai. Har ni?”

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ba ta ƙara tambayarki ba, kuma kafin azahar ta cika.

Da kika fara ce mini in riƙa rubuto labarin fim, shi ne kaɗai abin da kike amsawa. Na ga tsohon nan a ƙarƙashin bene ba mai kula shi, sai na ɗora masa kayana. Da kike zaginsa, ina karantawa ina jin sanyi, don na san nawa ne. Amma da na ga zagin ba ya ƙarewa, sai na ƙara masa alkawarin nan. Na ɗora wa matacciya laifina don ki dawo. Na san hakan nake yi lokacin da nake yi.

Na san abin da wannan takardar za ta jawo mini. Na riƙe ta kwana biyu a aljihu. Ga ta.

Babanki

*

Ranar Asabar

Baba,

Ina gaishe ka. Ina lafiya.

Na karanta. Ita ce wasiƙarka ta farko da ban yi dariya ba, kuma ita ce ta farko da na tabbata kai ne a cikinta. Na gode da ka faɗa.

Hutun na bar wa wata da ɗanta ba shi da lafiya. Ba zan zo ba. Ba zan iya shiga ɗakin nan in ga inda gadon ya kalla ba.

Ban ce har abada ba, ban kuma ce wata rana ba. Ban sani ba. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka rubuta mini ƙarshen da kanka. Kada ka ce wa Gwaggo ina hanya.

Ka riƙa shan maganin gwiwa.

'Yarka

*

Ranar Talata

Uwata,

Gaisuwa. Gwiwa tana shan magani, ni ina rakiya.

Wata biyu ke nan da wasiƙarki. Ba amsa nake nema ba, direban ne ya tsaya a ƙofar shago yana kallona, na ji kunyar in bar shi ya tafi hannu wofi.

An fara sabon fim a tashar, na wasu 'yan'uwa da ke rigima a kan gidan mai. Mai Aski ya cire tawul. Tela da ya rantse ya bar kallo har abada, shi yake fara kama kujera. Sun ba ni wurina a jikin lasifika, na je sau ɗaya, na ga ba wanda zan kai wa labarin, ban koma ba.

Masu tara sunayen nan sun zo, wai sun kusa cika adadin da za a aika wa tashar a sake ƙarshen. Na ce su cire nawa, duka biyun. Tsohon Soja ya ce na ci amanar unguwa. Na ce masa mutumin da ya rubuta fim ɗin nan bai yi mana komai ba. Shekara biyar yana da biro a hannunsa, duk ƙasa tana roƙonsa ya yi mata ƙarya, ya ƙi. Ni mutum ɗaya ce ta roƙe ni gaskiya, tana kwance.

Gwaggonki ta ga ɗakin ta tambaya yaushe za ki iso. Bakina har ya buɗe da kansa, Uwata, motar har ta fara lalacewa a kan harshena. Na ce mata ba ki zuwa. Ta ce me ya sa. Na ce ta zauna. Yau kwana shida ba ta yi mini magana, kuma wannan karon kunnena yana ji sarai.

Fentin ya bushe. Fankar tana aiki. Na kashe ta, na ja ƙofar.

Babanki